Sama'ila Yana Kwana a Ɗakin Allah, Amma Bai San Muryar Ba

Karatu: 1 Sama'ila 3:1-18

  

Kwanakin baya wani saurayi ɗan Katolika ya kawo mana damuwarsa. Ya ce an yi masa baftisma tun yana jariri. Ya yi hidima a bagade yana ɗan firamare, yanzu kuma yana cikin mawaƙa da ƙungiyar matasa. Misa ba ta wuce shi. Amma in ya durƙusa zai yi addu'a shi kaɗai, sai ya ji kamar da bango yake magana. Abokansa sun ce ya bar ikkilisiyarsa ya biyo su, wai a wurinsu ne wuta take. Ya tambaye mu, me zai yi?

Ɗan'uwa, da kai muke magana yau, da kuma dukan matasa maza da mata da suke ɗauke da irin wannan nauyi.

Mu buɗe littafin Sama'ila na fari, sura 3. Wannan yaro, uwarsa Hannatu ce ta roƙe shi wurin Allah, da ta yaye shi kuwa ta kai shi Shilo ta ba Eli firist. A ɗakin Allah ya girma. Yana sa tufar hidima, yana kwana kusa da akwatin alkawari, da safe shi ke buɗe ƙofofi. Da a zamaninmu ne, da mun ce babu yaron coci kamarsa. Duk da haka aya ta 7 ta gaya mana cewa har lokacin Sama'ila bai riga ya san Ubangiji ba. Ya san aikin, ya san dokar gidan, amma bai san Mai gidan ba. Shi ya sa da Allah ya kira sunansa da dare, sai ya ruga wurin Eli, har sau uku.

Wannan ba ciwon 'yan Katolika kaɗai ba ne. Yana cikin ECWA, yana cikin Baptist da Anglican, mu masu wa'azi ma yana kama mu. A nan kudancin Kaduna yawancinmu gadon bangaskiya muka ci, kuma gado abin godiya ne. Sai dai gonar gado, in ba ka shiga da fartanya ba, ciyawa za ka girba.

To, ku lura da inda Allah ya sami yaron. Bai ce masa ya tashi daga Shilo ba, ko da yake Shilo ta lalace a lokacin, 'ya'yan Eli suna cin amanar hadaya. A kan shimfiɗarsa ya kira shi. Kuma wa ya koya masa yadda zai amsa? Eli ne, tsohon da idonsa ya dushe, wanda ya kasa tsawata wa 'ya'yansa. Saboda haka ba za mu ce maka ka sauya coci ba. Mun ga matasa da suka zaga coci huɗu cikin shekara biyu, ƙishin yana nan yadda yake. Je ka wurin Fada, ko malamin katikis, ko tsohuwar nan ta Zumuntar Mata da ka san gwiwarta ta saba da ƙasa. Faɗa musu abin da ka faɗa mana. Ba sai sun zama marasa aibi ba kafin su nuna maka hanya.

Abin da Eli ya ce masa ba shi da yawa: ya koma ya kwanta, in an sake kira ya amsa cewa yana saurare. A nan ne da yawa muke faɗuwa. Addu'armu ta zama jerin buƙatu, kuɗin makaranta, jarrabawa, aiki, aure, sai Amin, mu tashi. Wane aboki ne zai jure wanda kullum shi ke magana, bai taɓa tsayawa ya ji amsa ba? Ga kuma waya. Da ita muke kwana, da ita muke tashi. Ko an kira sunanmu sau goma, ina za mu ji?

Ba mu ce waya ko kwamfuta zunubi ba ne. Carlo Acutis, yaron nan na ƙasar Italiya da ciwon sankarar jini ya ɗauke a 2006 yana da shekara 15, gwanin kwamfuta ne, har ya yi amfani da ita ya tattara labaran al'ajiban Jibin Ubangiji. Amma ya riƙe zuwa Misa kullum, da zama shiru a gaban Yesu. Ran 7 ga Satumba 2025 Paparoma Leo na 14 ya sa shi cikin tsarkaka.

Ga abin da muke roƙonka ka gwada. Ka ware minti 15 da asuba, kafin ka taɓa waya. Ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka karanta ɗaya kowace rana, da Hausa ko Turanci, ko da harshen gida in kana da shi. In wata kalma ta tsaya maka a zuciya, kada ka wuce. Tsaya nan ka yi shiru. Sa'an nan ka yi magana da Allah da bakinka, yadda kake yi da babanka. Addu'o'in da ka haddace da rosari kada ka yar da su, amma ka rage gudu, ka ji abin da bakinka yake faɗa. In akwai zunubin da kake ɓoyewa, kada ka jira sai lokacin azumi kafin ka je ka furta shi.

Yanzu bari mu taɓa wuri mai zafi. Waɗansu matasanmu ba sanyin jiki ne ya rufe musu baki ba, fushi ne. Ranar 7 ga Satumba ɗin nan da muka ambata, a 2023 ranar kuka ce a nan. A daren ne 'yan bindiga suka sa wuta a gidan Fada na cocin St. Raphael a Fadan Kamantan, Na'aman Danlami, ɗalibin makarantar horar da firistoci mai shekara 25, ya mutu a ciki. A watan Maris 2025 kuma aka sace Fada Sylvester Okechukwu daga Tachira aka kashe shi. Wanda ya tsaya a bakin kabarin tsaransa, yana da wuya ya ce Uba da zuciya ɗaya. Mun sani. Ba mu da amsar da za ta share wannan hawaye, kuma ba za mu yi muku ƙarya ba. Amma kada ka kai fushin nan wurin burukutu ko ƙwaya, ko wurin masu zuga ka ka rama a kan maƙwabcin da bai yi maka kome ba. Kai shi wurin Allah yadda yake. Karanta Zabura 13 da 88, ka ga yadda bayin Allah suka yi masa kuka ba ɓoye-ɓoye, bai kuwa kore su ba. Sama'ila ma, saƙon farko da ya ji ba mai daɗi ba ne. Hukunci ne a kan gidan Eli, har ya ji tsoron faɗa da safe.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ga 'ya'yanka da suka girma a gidanka. Ka kira su da sunayensu, ka buɗe kunnuwansu. Ka ta'azantar da iyalan da aka kashe musu nasu, ka ba ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Markus sura 1. Ku karanta ta kafin lokacin, musamman aya ta 35. Sai mun sadu.