Shiga Intanet Ga Wanda Bai Taɓa Shiga Ba

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Badun



An umarce mu da mu ce wani abu game da intanet, saboda yawan koke-koken da ke zuwa gaban ƙungiya, wani an yashe masa asusu, wani an ƙwace masa lamba. Mu 'yan kasuwa ne, allo da Islamiyya muka yi, amma abin da muka koya a wurin yaranmu da kuma a kasuwa shi za mu faɗa, don gemu ba ya hana ilimi.

Da farko, mene ne intanet ɗin? Hanya ce da ta haɗa wayoyi da kwamfutocin duniya, kamar yadda titi ya haɗa Badun da Kano. Bambancin kawai, abin da ke bin wannan hanya saƙo ne, murya da hoto da rubutu. Manyan wayoyinta a ƙarƙashin teku suke, a Ikko suke fitowa, shi ya sa da wasu suka yanke a watan Maris na 2024 har bankuna suka ji a jika. Wayar hannu ta shigo mana a 2001. Kafin nan, wasiƙa muke ba direban motar goro ko ta shanu, mu zauna jiran amsa mako guda ko fiye.

Abu uku mai farawa yake bukata: babbar waya, da layi, da data. Layin ya zama da sunanka aka yi masa rajista, an haɗa shi da lambarka ta NIN, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun Disambar 2020. Kada ka sayi layin da wani ya riga ya yi wa rajista, domin ranar da ya ɓata ba ka da hujjar karɓo shi. Ita kuwa data, ita ce man motar. Da megabait ake awonta, wajen dubu ɗaya su ne gigabait guda. Rubutu ba ya cin komai, saƙon murya kaɗan yake ci, bidiyo shi ne mai wawashe ta. Ka sa yaro ya kashe maka saukar da bidiyo kai tsaye, sai wanda ka zaɓa. A kowane layi, *312# ake dannawa a saya, *323# kuma a ga abin da ya rage.

To, da me za a fara? Shawararmu a fara da WhatsApp kaɗai, a yi wata guda a kansa. Wanda bai yi boko ba kada ya ji kunya, maɓallin murya zai danne ya yi magana ya saki, shi ke nan saƙo ya tafi. Mai ajami ma ana iya sa masa haruffan Larabci a wayar. Amfaninsa a sana'armu a bayyane yake. Mai albasa a Aliero zai turo maka hoton buhu da farashin ranar kafin a yi lodi, direba ya nuna maka inda ya kwana, kai kuma ka nuna wa mai saye a Sakkwato irin goron da ka ɗaure masa. Ga kuma zumunci, ka ga fuskar mahaifiyarka a gida ba tare da ka hau mota ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, nan ne ake kuka. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, ko muna so ko ba ma so. Jama'a, a riƙe abu huɗu.

Na ɗaya, saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Kada kaya su bar rumfa sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna.

Na biyu, lambar sirrin katinka, da lambar da banki ke turowa lokacin biya, da BVN, ba a faɗa wa kowa a waya. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Duk wanda ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa ba, ɓarawo ne, ko da Hausa yake yi tsantsa har yana haɗa ka da Allah.

Na uku, WhatsApp yana da lamba shida da yake turowa in za a buɗe shi a sabuwar waya. In wani ya ce wai ta taron ƙungiya ce ka karanto masa, to lambarka zai ƙwace, ya bi 'yan'uwanka yana roƙon rance da sunanka. Haka nan in ɗan'uwa ya rubuto maka neman kuɗi, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Na huɗu, in waya ta ɓata, kafin cigiya a rufe layi a rufe asusu, don da layinka ake shiga kuɗinka.

Sai kuma masu cewa ka zuba dubu goma ka kwashi ashirin. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, har yau irinta na fitowa da sabon suna. Mu da muka san ribar buhu nawa ce, ai bai kamata a yi mana wannan ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abu na ƙarshe ya fi kuɗi nauyi, wato jita-jita. A 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka. Mu kuma zaman Kurmi muke yi, iyayenmu sun zauna a Sabo tun 1916 cikin amana da masu gari. Ba mu manta rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ba. A irin wannan rana, tsohon hoto guda da aka ce na yau ne ya isa ya tayar da hankali a nan, ya kuma jawo wa baƙin da ke zaune a garuruwanmu na Arewa fitina. Saboda haka duk saƙon da aka ce ka tura wa mutum goma, dakata. Wa ya faɗa? Yaushe? A ina? In ba ka sani ba, ya tsaya a wayarka, ka tambayi shugabanni. Yatsan da ya tura shi ma yana da alhaki.

Muna roƙon ƙungiya ta ware yini guda a mako, bayan la'asar, samarinmu masu ilimi su zauna da dattawa su koya musu a hankali, a kuma samu mata su koya wa iyayenmu mata a cikin gida. Kowa ya zo da wayarsa, amma lambar sirrinsa ya bar ta a ransa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.