Daga Akwatin Wasiƙunmu: Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga ƙasar Ɗanbatta, daga wani manomin rani da ke aiki a bakin madatsar ruwa ta Tomas. Ya ce tun faɗuwar damina ya ajiye injinsa na ban ruwa. Yanzu ya dasa tumatir, ya ɗauko inji, ya yi ta jan igiya har kafaɗarsa ta yi tsami, shiru kake ji. Kwana uku ke nan dashe bai sha ruwa ba. Wani ma ya ce masa ya kai injin kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi ya sayar, ya yi ciko ya sayi sabo.

To Malam, da farko dai ka ari injin maƙwabci ka shayar da dashenka yau ɗin nan, don shi ba ya jira. Sa'an nan ka zauna da naka a natse. Abu uku injin fetur yake bukata: mai, da wuta, da iska. Bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka kashe ko kwabo.

Fara da ƙananan abubuwa. Ka kunna makunni? Ka buɗe makullin mai? Ka rufe cok? In inji ya yi sanyi sai an rufe cok yake tashi, in ya tashi a buɗe. Aje shi a wuri mai daidai, ka duba baƙin mai. Injinan Honda da yawa, irin su GX160, suna da na'urar da ke hana su tashi in baƙin mai ya yi ƙasa. Ɗan abin da ya fi rabin lita suke ci.

Amma ni inda na fi zato shi ne fetur. Man da ya yi watanni a tanki yakan lalace, ya zama kamar ƙaro, ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto. Ga shi da yawanmu wurin 'yan bumburutu muke saye, wani lokaci da ruwa ko kananzir a ciki. Juye tsohon man duka. Kwance ƙusar da ke gindin kafireto, ka tari abin da ya zubo a kwalba. In da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Wanke kofin da sabon fetur, ka mayar.

Sai wuta. Kwance fulogi. In ya yi baƙi ka goge shi, in ya jiƙe da mai ka bar shi ya bushe. Mayar masa da hularsa, ka ɗora jikinsa a kan ƙarfen inji, nesa da raminsa, wani ya ja igiya. In ka ga tartsatsi shuɗi, lafiya lau. In babu, gwada sabo. Amma don Allah ka goge duk man da ya zube tukuna, kuma ban da taba a wurin.

Na uku iska. Fito da soson da ke tace iska, ka wanke da ruwan sabulu, ya bushe sarai, ka ɗan shafa masa baƙin mai ka matse. Leƙa bakin salansa, don zanzaro na son yin gini a nan.

In ka ja igiya ka ji ta taho sakwaf babu nauyi, ko ta ƙage gaba ɗaya, to wannan kam aikin bakanike ne. Kada ka yi mata ƙarfi.

In Allah ya sa ya tashi, ka tabbata ka cika famfon da ruwa tun kafin ka ja, don gudu a bushe yana ƙona robar ciki. Baɗi kuma, ranar da za ka ajiye shi, ka tsiyaye man tanki da na kafireto tas.

Allah ya ba da amfani mai albarka. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.