GALAHANGA, KAƊAICI DA WASAN INTANET: JAN HANKALI GA IYAYE



Ya ku iyaye da malamai da sauran 'yan'uwa, jawabina na yau ya shafi yaron da ya kulle kansa a ɗaki, ya rungumi waya ko kwamfuta dare da rana, har ya zama baƙo a gidan ubansa. Mukan yi saurin kiran sa malalaci ko mai taurin kai, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Masana sun lura da abubuwa uku da sukan haɗu a kan irin wannan yaro.

Na farko shi ne galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. A shekarar 1943 ne likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana ta a rubuce, bayan ya nazarci yara 11. Yanayi ne na ginin ƙwaƙwalwa da yake bayyana tun ƙuruciya, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Mai ita yakan sha wahala wajen karanta fuskar mutane da gane habaici ko zolaya, hayaniya takan dame shi ƙwarai, yana son komai ya tafi bisa tsari ɗaya, kuma idan ya so abu yakan ba shi hankalinsa dungurungum. Wasu ba sa magana sam, wasu kuwa har jami'a suna gamawa. An ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 a duniya yana da ita. Ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ce ke kawo ta ba. Rahoton 1998 da ya yi wannan zargi, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Na biyu shi ne ƙaurace wa jama'a. A Japan suna kiran wannan hali hikikomori, wato mutum ya killace kansa a gida wata shida ko fiye, babu makaranta, babu aiki, babu abokai. Likita Saito Tamaki ne ya yayata sunan a 1998. Binciken da gwamnatin Japan ta fitar a 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.46, 'yan shekara 15 zuwa 64, a cikin wannan hali. Har akwai gidajen da iyaye 'yan shekara 80 ke ciyar da ɗa ɗan shekara 50 da bai fita ba tun yana matashi. Likitocin ƙasar sun tarar cewa da dama daga waɗanda aka kawo musu suna da galahanga ko alamunta.

Na uku shi ne kamuwa da wasan gem. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya shi cikin kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Alamunsa uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, galibi har tsawon wata 12. Saboda haka ba kowane mai buga gem ne ya kamu ba.

To, ina mahaɗar ukun? Wasan ba ya haifar da galahanga, amma yana ba mai ita abin da ya rasa a waje. A makaranta ana yi masa dariya bai san dalili ba. A cikin gem kuwa dokoki a fili suke, ba sai ya kalli idon kowa ba, kuma in ya faɗi sai ya sake ba tare da an yi masa gori ba. Wani bincike na Jami'ar Missouri a 2013 ya gano cewa yara maza masu galahanga kan shafe kimanin sa'o'i 2 a rana suna wasan, sauran kuma sa'a 1 da 'yan mintuna, kuma wanda na'urar ke ɗakinsa ya fi daɗewa a kai. Daga nan sai dare ya koma rana, karatu ya lalace, kunyar fita ta ƙaru, kunyar kuma ta sake tura shi ga wasan. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Ƙasashe sun gwada doka. A 2021 Sin ta taƙaita wasan intanet ga 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa sa'a 1 a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga sha biyun dare zuwa shidan safe a 2011, amma ta soke dokar a 2021, lokacin da yara suka riga suka koma wayar hannu wadda dokar ba ta shafa ba.

'Yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Waya ta shiga gidajenmu. Shawarata ita ce: kada a fizge ta da duka da zagi, domin wanda aka rushe wa mafaka ba a ba shi wata ba, ƙara nisa zai yi. A tsayar da lokaci sananne, a fitar da na'ura daga ɗakin barci. Uba ya zauna ya tambayi ɗansa abin da yake bugawa. A fara fitar da shi kaɗan-kaɗan, da aboki ɗaya ko sana'ar hannu da yake so, ba a jefa shi cikin taron biki ba. Malamai su hana tsangwama a aji. Idan abin ya yi tsanani a nemi likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, don kada ya karye.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.