Kulocin Mota: Saukewa, Dubawa da Mayarwa

Jawabin da 'yan'uwanmu kanikawa suka gabatar a taron ƙungiya

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa mazauna Gwallameji.

An nemi mu yi bayani a kan kuloci, saboda rigimar da aka fi kawo wa dattawanmu tsakanin mai mota da bakanike, a kansa take. Mai mota ya ce an cuce shi, bakanike ya ce haya aka yi da motar har ta cinye. Mu kuwa nan zama ya haɗa mu, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zariya, kuma jarinmu shi ne amana. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979 unguwar nan ke cika da ɗalibai da ma'aikata, su ne masu kawo mana aiki. In sunan mutum ɗaya ya ɓaci, na kowa ya taɓu.

To, mene ne kulocin? Tsakanin inji da giya akwai fulawil, wato babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa. Sai faranti mai fata, sai murfi mai sifirin da ke danne farantin a jikin fulawil, sai boris. In ka taka kuloci, boris ya tura sifirin, murfi ya saki faranti, inji ya rabu da giya. In ka ɗaga ƙafa su sake haɗewa. Shi ke nan fa.

Kafin a kwance komai, a tabbatar da ciwon. A ja birkin hannu, a sa giya ta 3 ko ta 4, a ba da wuta kaɗan, a saki kuloci a hankali. In inji ya mutu, faranti na kamawa. In ya ci gaba da ruri mota ba ta motsa ba, ya cinye. Irin wannan motar ce za ka ji tana kuka a hawan Jos ba ta tafiya, tana shan mai a banza, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 mai ba abin wasa ba ne. Amma in giya ce ke ƙin shiga tana gurzawa, a fara duba kebur, ko kulocin sama da na ƙasa da mansu. Sau da yawa iska ce ta shiga, aikin minti 30, ba sai an sauke giya ba. Bakaniken da ya san haka ya sauke, ya ci haram. Ƙarar da ke tashi sai an taka feda kuwa, yawanci boris ne.

Wajen saukewa, a fara cire kan batir. A ɗaga mota a kafa mata ƙafafun ƙarfe, a sa wa taya waigi. Jama'a, don Allah kada yaronmu ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti. Bulo fashewa yake ba sallama. Mota mai ja da gaba, irin su Golf da Vectra, a tsiyaye man giya, a zare shaf biyu, a cire kik da sandunan giya, a tallafe inji. Mai ja da baya, a yi wa firfela alama kafin a kwance. In an zo zare giya, a jawo ta miƙe, kada a bar nauyinta ya rataya a kan shaf, yana lanƙwasa cibiyar faranti. Notocin murfi a sassauta su kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi. A lura, yawancin Golf 2 da Golf 3 ginin kulocinsu daban ne: murfin ne a ɗaure da kiranshaf, fulawil na waje, boris kuma yana can ƙarshen giya yana tura doguwar sanda. Wanda bai taɓa yi ba ya tambaya, tambaya ba ta rage girma.

Baƙar ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iska. Tsofaffin fatu da wasu na araha suna da asbestos, yana lalata huhu, har yana kawo ciwon daji bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Dubawa kuma a yi ta a gaban mai mota. A nuna masa fata: in ta kusa kai kan ƙusoshin da ke riƙe da ita, ta gama. Littattafan Toyota da yawa sun sa iyaka a milimita 0.3. A duba ƙananan sifirin na tsakiya ko sun saki ko sun karye, a duba yatsun murfi ko sun cinye. Fulawil in ya yi shuɗi-shuɗi ko ya yi zane, a kai a wanke fuskarsa a injin. In ya tsage, a canza. In an ga mai a jikin fata, sil ne ke yoyo, na inji ko na giya, kuma in ba a canza shi ba sabon farantin ma zai jiƙe. Boris a juya shi da hannu, kada a wanke shi da fetur, girisinsa a rufe yake.

Shawararmu ga masu mota: faranti da murfi da boris a canza su tare. Wahalar duk tana wajen sauke giya, in ka bar tsohon boris don ragin kuɗi, za ka biya ladan aiki sau 2. Araha ba ta ado.

Wajen mayarwa, hannu ya zama ba maiƙo. Faranti yana da gaba da baya, galibi an rubuta ɓarin da ke kallon fulawil. A saita shi a tsakiya da tsohon shaf na giya kafin a ɗaure, in ba haka ba giya ba za ta shiga ba. Notoci a ɗaure su bi da bi a gicciye, daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Girisi a haƙoran shaf ɗan shafawa kawai. In giya ta ƙi zama, kada a jawo ta da noti, a fito da ita a sake saiti. Sauri ya haifi nawa. A zuba man giya, a fitar da iska ko a daidaita kebur, a gwada mota, sannan a miƙa wa mai ita tsofaffin kayansa a hannu.

Direbobi kuma, ku sauke ƙafa daga kan feda in kuna tafiya, ku daina riƙe mota da kuloci a kan tudu, ku rage lodi lokacin da ɗalibai ke tafiya hutu. Sabon kuloci a lallaɓa shi kwanakin farko.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabanni su sa wannan ya zama ƙa'idar garejinmu duka: a gwada kafin a kwance, a nuna kafin a saya, a mayar wa mutum tsohon kayansa. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a sana'armu, Ya zaunar da Gwallameji da Bauchi lafiya.