Kai zomaye baje kolin SARA: jawabin magatakardan ƙungiya

Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa na Arras da na Adjamé, barkanmu da zagayowar wannan rana. Shugaba ya umarce ni in yi bayani a kan kai zomaye baje koli, tunda bayan aikin rajista ina ɗan kiwonsu a bayan gida, kuma samarinmu da dama sun shiga harkar.

Babban baje kolin noma da kiwo na Kwaddibuwa shi ne SARA. An fara shi a 1997, aka daɗe ba a yi ba, sai 2015 ya dawo. Wanda na kai dabbobina shi ne na 2023, daga 29 ga Satumba zuwa 8 ga Oktoba, a Parc des Expositions da ke Port-Bouët, kusa da filin jirgi. Akwai koko, kashu, shanu, tumaki da kaji, zomaye kuma suna sashen dabbobi. Na san wasu iyayenmu suna murmushi idan aka ce zomo a gefen bijimi. To, zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Daga Treichville tafiyar ba nisa, titin da a da ake kira VGE ne a miƙe. Amma a nan hasarar take. Zomo ba ya gumi, ta kunne da numfashi yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala. Idan cunkoso ya tsayar da kai da rana tsaka, ga dabba cikin kwali a but ɗin taksi, kana iya isa da mushe. Shi ya sa na fita bayan sallar asuba, cikin keji mai iska, kowane namiji shi kaɗai, don manyan maza biyu a wuri guda faɗa za su yi. Kada a ɗaga shi ta kunne kamar yadda yara suke yi, a tallabe shi ta ƙasa. Mace mai ciki kuwa a bar ta gida, cikinta kwana 31 ne kacal. A tafi da abincin da ya saba ci, domin sauya masa abinci farat ɗaya zawo yake jawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne dawowa. A can dabbobi daga garuruwa daban-daban suke haɗuwa, mutane suna ta shafa su. Akwai wata cuta da likitocin dabbobi suke kira VHD, tana kashe zomo cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da jini a hanci, kuma tana bin takalmi da keji da hannu. Ba ta da magani, sai rigakafi. A yi allurar da wuri kafin tafiya. Wanda ya dawo, ko wanda aka sayo, a ware shi wata guda kafin ya shiga cikin sauran.

Ribar zuwa? Ka ga irin New Zealand fari da Californian da idonka, ka samu namiji daga wani jini, ka kuma haɗu da masu gidajen abinci da ke neman mai kawo musu nama a kai a kai. Masu son wucewa da iri zuwa Maraɗi ko Kano, ku nemi takardar likitan dabbobi kafin ku kama hanya, kun fi ni sanin bakin iyaka.

Roƙona ga Shugaba: a baje koli na gaba ƙungiya ta kama rumfa ɗaya da mota ɗaya, mu raba kuɗin. Mai sha'awa ya same ni ofis bayan la'asar in rubuta sunansa da yawan dabbobinsa.