MUZAHARA TA LUMANA DA TARZOMA: INA IYAKAR TAKE?

(Jawabin da aka gabatar ga 'yan'uwa na yankin Batsari da Safana)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, ba sai na ba ku labarin dajin Rugu ba, domin ku ne kuke kwana a bakinsa. Kun san abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutane kimanin 30 a dare ɗaya. Saboda haka ba mu taru don mu ce wa wanda aka zalunta ya yi shiru ba. Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nisa'i, ya yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Tambayar ita ce: ta wace hanya?

Ku tuna watan Mayun 2019, lokacin da aka kashe manoma 18 a Yargamji. Mutanen Batsari suka ɗauki gawarwakin har birnin Katsina, suka kai su fadar Sarki. Mun san sunna ita ce gaggauta jana'iza, kuma ba muna cewa a mayar da wannan al'ada ba ne. Amma ku lura: ranar nan babu mai mulkin da ya iya cewa bai gani ba, kuma maganar da ƙasa ta yi ita ce maganar waɗanda aka kashe.

To, ku kwatanta da watan Agustan 2024, lokacin muzaharar tsadar rayuwa. Yunwar gaskiya ce, kuka ma na gaskiya ne. Amma da ɓata-gari suka shiga, aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC a Kano tun kafin a buɗe ta, aka sa dokar hana fita a Kano, da nan maƙwabtanmu Dutsinma. Nan take zancen farashin masara ya ɓace, aka koma zancen ɓarayi. Aka rasa rayuka, aka kama ɗaruruwa. A watan Nuwamba muka ga yara ƙanana suna faɗuwa a kotu a Abuja saboda galabaita, kafin a ba da umarnin sakin su. Tsare yaran nan zalunci ne, harbin wanda ba ya riƙe da makami ma zalunci ne. Sai dai wa ya miƙa wa azzalumi hujjar da yake nema?

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da janyo maslaha, kuma ba a kawar da munkari da munkarin da ya fi shi. A Hajjin Bankwana Manzon Allah (SAW) ya haramta jinin Musulmi da dukiyarsa da mutuncinsa, bai keɓe ranar fushi ba. Halifa Abubakar (RA) ya hana rundunar yaƙi sare itatuwa masu 'ya'ya. In haka yake a fagen fama da abokan gaba, ina ga titin garinmu? Wanda ya tare hanya da taya mai ci da wuta, wa ya tsare? Gwamna ba ya cikin motar hayar nan. Mai naƙuda ce za a kai asibiti, da manomin da zai kai hatsi kasuwa.

Malamai sun saɓa a kan hukuncin muzahara ita kanta: wasu sun hana saboda abin da take haifarwa, wasu sun halatta da sharuɗɗa. Amma babu wanda ya halatta ƙone-ƙone da wawaso. Don haka idan fita ta zama dole, a kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, a sami shugabanni sanannu waɗanda za a ji maganarsu in sun ce a watse. Na biyu, a rubuta buƙata a fili, a san ga wanda za a miƙa ta: hakimi, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa. Na uku, a fita da rana, ba sanda, ba dutse, a bar yara a gida. Na huɗu, duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, masu muzahara su fara riƙe hannunsa.

Ya matasanmu, haƙuri ba tsoro ba ne. Wanda aka kashe wa uba, ya tsaya a gaban hukuma hannunsa ba komai sai gaskiya, ya fi mai jifa jarumta, kuma ya fi shi wahalar yi wa ƙazafi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Ya shiryi shugabanninmu, Ya mayar mana da gonakinmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.