Likitan Barci: Mai Gadin Rai a Ɗakin Fiɗa

Jawabi ga hakimai da malamansu na Gwandu da Kalgo

Kun sani sau da yawa likita ya kan ce wa mutum zuciyarsa ko babbar jijiyarsa ta jini tana bukatar fiɗa, sai mutumin ya gudu gida, don an gaya masa wai wanda aka yi wa allurar barci ba ya farkawa. A ƙasarmu da yawan masu bukatar wannan aiki yara ne da samari, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya ɓata musu ƙofofin zuciya. Gudun nan shi ke halaka su. Saboda haka ya kamata ku san yadda a ke tsaron rai a lokacin aikin.

Tun 1846 aka fara nuna maganin sa barci a bainar likitoci, a birnin Boston na Amurka. A 1953 Likita John Gibbon ya yi aiki da injin da ke tsayawa a madadin zuciya da huhu. A Nijeriya kuwa, an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. Ashe ba sabon abu ba ne.

A ɗakin fiɗa akwai likita guda wanda ba ya riƙe wuƙa. Aikinsa ya sa majiyyaci barci, ya tsare shi, ya kuma tashe shi. Ya kan manna wayoyi a ƙirji masu nuna bugun zuciya a kan allo. Ya kan maƙala wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar oksijin cikin jini, wadda ga mai lafiya ta kan kai 95 ko fiye cikin 100. Ya kan zura siririn bututu cikin jijiyar wuyan hannu don ya ga ƙarfin jini a kowane bugu, wani kuma cikin jijiyar wuya don ba da magani. Bayan barci ya kama, sai ya sa bututu a maƙogwaro, inji ya riƙa yi wa mutum numfashi. Har zafin jiki da yawan fitsari ana aunawa, gama fitsari shi ke shaida jini yana isa ƙoda.

Idan za a buɗe zuciya, a kan ba da maganin da a ke kira hefarin don kada jini ya daskare, sa'an nan a juya jinin zuwa inji, a tsai da zuciya da gangan. In an gama ɗinki a sake ta ta ci gaba da bugawa, a ba da wani magani mai warware na farko. Daga nan a kai majiyyaci ɗakin kulawa ta musamman, inda zai farka sannu a hankali. Aikin yana da haɗari, ba a ɓoye wannan ba, amma barin ciwon ya kan fi shi haɗari.

To, likitan nan, duk da injunansa, ba ya iya sanin abin da aka ɓoye masa. Ga abu huɗu da mu ke roƙo ku sanar wa dagatai da masu unguwa:

1. Majiyyaci ya faɗi dukan maganin da ya ke sha, na asibiti da na gargajiya, har taba da ƙwayoyi irin su tiramadol. Likita ba alƙali ba ne, ba zai tona asiri ba.

2. In an ce kada a ci abinci, kada a ci. Yawanci awa 6 ne ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla. Uwar da ta ba ɗanta kunu a ɓoye don tausayi ta jefa shi cikin haɗari, domin abin da ke ciki ya kan taso cikin barci ya faɗa huhu.

3. Dangi su ba da jini tun kafin ranar aiki. Jikin mai lafiya ya kan mayar da abin da aka ɗiba.

4. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar yarda sai an fassara masa ita, ya tambayi abin da bai gane ba.

Ku kuma malamai, wanda likita ya ba takardar turawa, ko daga asibitin Kalgo, ko daga na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, zuwa babban asibitin koyarwa kamar na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku karanta masa ita, ku rubuta masa ranar da aka sa da sunayen magungunansa, ku gargaɗe shi ya tafi da dukan takardun gwajinsa.

Maganar hakimi tana da nauyin da ta likita ba ta da shi a ƙauye. In kun ce a je, za a je. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ja zamanin Sarki. Amin.